Ƙuri'a 10,806: Me ya juya Kaduna cikin mako uku a zaɓen 2023?

Dan_Kwarbai:
Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai lissafin da ya ƙi fita a raina game da zaɓen gwamnan Kaduna na 2023, ina so masu sani su warware mini shi. Ranar 25 ga Fabrairu jihar nan ta ba Atiku ƙuri'a 554,360, Tinubu 399,293, Peter Obi 294,494, Kwankwaso 92,969. A ranar ce kuma PDP ta kwashe kujerun sanata uku duka, har da tamu ta shiyya ta ɗaya. Mako uku kacal bayan haka, a zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris, Uba Sani na APC ya samu 730,002, Isa Ashiru na PDP 719,196. Tazara 10,806. Wato jam'iyyar da aka ba ratar sama da 155,000 ita ta dawo ta ci. Ba rigima nake nema ba. Tambayata ita ce: ina APC ta samo ƙarin ƙuri'a sama da 330,000 cikin kwana 21? Mu mutanen Zariya da ake cewa mu muka ɗaga ta, me kuka gani a rumfunanku?

Sak_Har_Gobe:
Wa alaikumus salam. Amsar ba ta da wuya, Malam. A Fabrairu mutane fushi suka je yi, a Maris gwamna suka je zaɓa. Shi ke nan.

Bakudane:
Wane irin fushi ne yake hucewa cikin mako uku? Mu 'yan PDP mun ci zaɓen nan, duniya ta sani. An riƙe sakamako har ranar Litinin ana jan ƙafa, sannan aka fito da abin da aka fito da shi. Allah yana gani.

Malam_Lissafi:
@Bakudane, ɗan uwa, kafin mu kai ga "Allah yana gani", mu zauna da alƙaluman tukuna, don suna da bakin magana.

Idan ka haɗa ƙuri'un manyan jam'iyyu huɗun a Fabrairu, za ka samu 1,341,116. A Maris, da ta Jonathan Asake na LP 58,283 da ta Suleiman Hunƙuyi na NNPP 21,405, jimilla ta kama 1,528,886. Ka ga an samu ƙarin masu fitowa kusan 188,000. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, LP ta sauko daga 294,494 zuwa 58,283, ta zubar da 236,211. NNPP ta zubar da sama da 71,000. Waɗannan mutanen ba ɓacewa suka yi ba, wani wuri suka koma ko suka zauna a gida. Kowa ya san mafi yawan masu Obi a kudancin jihar suke da Chikun da wasu unguwannin Kaduna ta Kudu, kuma a zaɓen gwamna galibinsu lema suka dangwala wa. To amma PDP ƙarin 164,836 kawai ta samu a kan abin da Atiku ya samu. Idan mutanen Obi sun kawo mata abin da ya kai haka ko ya fi, ma'anarsa ke nan a nan arewacin jihar PDP ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. Mutanen da suka ba Atiku a Zariya da Sabon Gari da Igabi da Giwa, da yawansu ba su ba Ashiru ba. Ƙuri'ar Atiku ce, ba ta PDP ba. Wannan shi ne ramin da na ga 'yan PDP sun ƙi leƙawa har yau.

Dan_Kwarbai:
Malam Lissafi, Allah ya ƙara basira. Wannan na gane shi. Amma me ya sa mutum zai ba Atiku ya hana Ashiru? Shi nake son ji daga bakin waɗanda suka yi hakan.

Maman_Khalil_TWada:
Ga ni nan, ni na yi hakan, kuma ba na ɓoyewa. Dan_Kwarbai ƙanena, ka manta halin da muke ciki a Fabrairun nan ne? Ina sayar da ƙosai da kunu a ƙofar gida. Sai da ta kai mutum ya zo da yunwarsa ya tsaya a kaina, ga kuɗi a asusunsa, babu naira ɗari a hannunsa. Ni kuma mai wake a kasuwar Tudun Wada ba ya karɓar tiransifa, ya ce shi ma a ƙauye ba sa karɓa. Maigidana ya yi sammako bakin banki tun kafin asalatu ya karɓi lamba, ya dawo da la'asar hannu rabbana. Masu POS kuwa sai ka sayi kuɗinka da kuɗinka. Ranar zaɓen shugaban ƙasa ko kallon tsintsiya ban yi ba.

Zuwa Maris tsofaffin kuɗi sun fara dawowa hannun mutane, an ɗan numfasa. Kuma a gaskiya mun ji gwamna El-Rufai ya fito ya yi jawabi ya ce a ci gaba da karɓar tsoffin kuɗi a Kaduna. Duk da ina da nawa ƙorafin a kansa, wannan ta zauna mini. Matan layinmu da yawa haka suka yi.

Barista_Kongo:
Hajiya ta taɓo abin da ake yawan tsallakewa. Gwamnatin Kaduna na cikin jihohi ukun farko, da Kogi da Zamfara, da suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli kan canjin kuɗi. Ranar 3 ga Maris kotu ta yanke cewa tsoffin 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Babban Banki bai ba bankuna umarnin bin hukuncin ba sai ranar 13 ga Maris. Ku lura da kwanan watan: zaɓen gwamna da 11 ga Maris za a yi shi, aka ɗaga zuwa 18 saboda sake saita na'urorin tantance masu zaɓe, wato BVAS. Da an yi shi ranar 11, cikin tsakiyar ƙuncin za a yi. Wannan mako ɗayan ba ƙaramin abu ba ne a zaɓen da tazararsa ba ta kai 11,000 ba.

Bakudane:
To Barista, wa ya kawo canjin kuɗin? Ba gwamnatin APC ba ce? Su jefa mutane a rami, su dawo su ce su ne masu ceto.

Sak_Har_Gobe:
@Bakudane kai da kake ta cewa an ƙwace, a Kudan ɗin taku da nawa ɗan naku Ashiru ya ci? Da ƙyar ya sha. Wanda bai share gida ba ya za a yi ya ce an yi masa fashi a dawa?

Bakudane:
Kar ka manta Hunƙuyi ma ɗan ƙaramar hukumar Kudan ne, ya raba mana ƙuri'ar gida. Kuma 21,405 ɗin da ya samu a jiha, da rabinta da ɗoriya ta zo mana, da yanzu wani zancen ake yi.

Malam_Lissafi:
Wannan gaskiya ne a takarda, amma babu tabbacin mai Hunƙuyi zai ba Ashiru idan babu Hunƙuyi. Shi kansa Hunƙuyi a APC ya ci sanata a 2015, ya kayar da Maƙarfi. Ashiru ma a 2014 APC ya shiga ya nemi takarar gwamna, El-Rufai ya kayar da shi a fidda gwani, daga baya ya koma PDP. Magoya bayan mutanen nan a cakuɗe suke. Ƙuri'ar da za a ce da ƙwarin gwiwa ta PDP ce ta tsere ita ce ta Asake. 58,283 ta ninka tazarar sau biyar da ɗoriya.

Yar_Wusasa:
Tunda an zo kan Asake bari in sa baki. Ni Bahaushiya ce, Kirista, a Wusasa aka haife ni, kakannina ma a nan suke kwance. Obi na zaɓa a Fabrairu, Ashiru a Maris. Amma ina da 'yan uwa da suka tsaya wa Asake har ƙarshe, kuma ba na ganin laifinsu. Ya shugabanci ƙungiyar mutanen kudancin Kaduna, SOKAPU, a lokacin da ake binne mutane kusan kowane wata. Suka ce ko ba zai ci ba, a ƙirga su a san suna nan.

Abin da ba a faɗa ba tun farkon zancen nan, kuma kowa ya san shi, shi ne addini. Tun 1999 al'adar jihar nan idan gwamna Musulmi ne mataimaki Kirista ne, idan Kirista ne mataimaki Musulmi ne: Maƙarfi da marigayi Stephen Shekari sannan Yakowa, Namadi da Yakowa, Yakowa da Ramalan Yero, Yero da Bajoga, El-Rufai da Bantex. A 2019 aka karya ta da Dakta Hadiza Balarabe, aka maimaita a 2023. Ba ni da matsala da ita a karan kanta, likita ce, 'yar Sanga ce. Amma a makonni ukun nan na ji abin da aka riƙa turawa a wayoyi, saƙonnin murya na ɓangarorin biyu, kowa na tsorata nasa da ɗaya ɓangaren. Maƙwabciyata da muke cin tuwon sallah da na Kirsimeti tare tun muna yara ta ce mini, "Anti, wannan karon ki yi haƙuri, an ce mana zaɓen addini ne." Har yau muna gaisawa, muna shiga gidajen juna, amma maganar ba ta bar ni ba.

Abu_Sumayya_Jushi:
'Yar uwa, gaskiya kika faɗa, kuma ba daɗi. Amma a yi adalci, ta kowane ɓangare aka yi. Yadda Chikun ta juye wa PDP ƙuri'a da tazarar da ta kusa 70,000, shi ma ba don manufofin noma ba ne. Da mutanen ɓangaren namu suka ga yadda aka yi wa Obi ruwan ƙuri'u a Fabrairu, sai suka ce to mu ma bari mu haɗa kai. Tsoro ne ya haifi tsoro.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, ana iya tattauna wannan batu, amma da ladabi. Duk wanda ya zagi addinin wani ko ƙabilar wani zan cire saƙonsa ba tare da sanarwa ba. Mu da muka ga Afrilun 2011 a garin nan mun san inda irin wannan ke kaiwa. A ci gaba.

Baba_Limanci:
Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na ga kuna mamakin mutum ya zaɓi jam'iyya kaza yau, gobe ya zaɓi wata. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Zazzau, halinmu ne tun da.

A 1979, lokacin Katsina na cikin jihar Kaduna, NPN ce ta cika majalisar dokoki, ta yi rinjaye mai yawa. Kowa ya ɗauka Alhaji Lawal Kaita ya gama zama gwamna. Da aka zo zaɓen gwamna sai talakawa suka juya suka ba Balarabe Musa na PRP, mutumin Kaya. Sauran jam'iyyu suka mara masa baya don kada NPN ta haɗa duka. Na tsaya a layi ranar, na ga dattawan da ba su taɓa saɓa wa hakimi ba sun shiga sun yi abin da ransu ke so. Abin da ya biyo baya kun sani: majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki babu kwamishina, marigayi Dakta Bala Usman na jami'a yana sakataren gwamnati, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, Abba Musa Rimi ya ƙarasa. Shi ne gwamnan farko da aka tsige a Najeriya. Lawal Kaita bai samu kujerar ba sai 1983, wata uku soja suka karɓe.

A 1991 kuma namu ne ya tsaya, Farfesa Ango Abdullahi a SDP, wanda ya riƙe jami'ar Ahmadu Bello. Zaɓen ƙato bayan ƙato aka yi, ka tsaya a bayan hoton wanda kake so kowa na kallonka, surukinka na gani, mai gidan hayarka na gani. Dabo Lere na NRC ya ci. Don haka ni abin da ya faru a 2023 bai ba ni mamaki ba. Abin da ke ba ni tsoro daban ne: a da mutane na fitowa. Yanzu rumfarmu kafin azahar an watse.

Dan_Kwarbai:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Wannan tarihi ba a samunsa a banza.

Malam_Lissafi:
Baba, Allah ya ja da rai, maganarka ta ƙarshe alƙaluma sun gaskata ta. A 2011 Yakowa ya samu sama da miliyan 1.3, Haruna Sa'eed na CPC sama da miliyan 1.1. A 2015 El-Rufai 1,117,635, Ramalan Yero 485,833. A 2019 El-Rufai 1,045,427, Ashiru 814,168. A 2023 wanda ya ci bai kai abin da wanda ya faɗi ya samu a 2019 ba. APC ta zubar da 315,425 tsakanin zaɓukan biyu, PDP ta zubar da 94,972. Masu rajista kuwa sun haura miliyan 4.3. Wato a cikin mutum uku masu rajista, kusan biyu ba su je ba. Da Ashiru ya riƙe ƙuri'unsa na 2019 kawai, ko ɗaya bai ƙara ba, da ya ci da tazarar sama da 84,000.

Tsohon_Dan_Bautar_Kasa:
A nan zan ɗan ja da Malam. Kada a ɗauka duk raguwar nan mutane ne suka ƙi fitowa. Wani ɓangarenta ƙuri'un da dama can babu masu su ne. Na yi aikin zaɓe a 2023 a matsayin shugaban rumfa a wani ƙauye bayan Dutsen Abba. Da BVAS, idan na'ura ba ta gane yatsanka ko fuskarka ba, babu takardar da za a cike a ce ka wuce, kamar yadda ake yi a zamanin tsohuwar na'urar kad rida. Kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ce idan ƙuri'un da ke akwati suka fi adadin waɗanda na'ura ta tantance, an soke rumfar. A da da adadin masu rajista ake aunawa, ka ga akwai fili mai faɗi na cika akwati. Don haka miliyoyin 2011 ɗin nan, a riƙa yi ana sa musu alamar tambaya.

Abin da na gani da idona: mata sun fi maza fitowa nesa ba kusa ba, kuma sun fi fitowa a Maris fiye da Fabrairu. Tun da hantsi layinsu ya zagaye bishiyar mangwaron makarantar. Da muka zo ƙirga, na zazzage akwati a kan tabarma, ina ɗaga kowace takarda sama jama'a na ƙirgawa da baki ɗaya, yara a kan katanga suna amsawa. Abin da ya fi ci mini rai lalatattun ƙuri'u. Tsohuwa ta dangwala daidai, amma wajen naɗe takardar tawadar da ba ta bushe ba ta shafi wani gidan. Ejan-ejan suka yi ta musu a kan irin waɗannan har duhu ya fara, sai da fitilar waya muka cike takardar sakamako. Kowane eja ya sa hannu, na ba shi kwafinsa, na liƙa ɗaya a bango, na ɗauki hoto da na'ura. A rumfata babu wanda ya taɓa ƙuri'ar kowa. Abin da ya faru daga gunduma zuwa sama, wannan ban tsaya a kai ba.

Bakudane:
Yawwa! "Daga gunduma zuwa sama." A nan gizo ke saƙar. Mu ma ba mu ce a rumfa aka yi ba.

Mai_Keke_Kwangila:
Ku dai kuna ta lissafi. Ni na yi jigilar mata ranar, daga cikin unguwa zuwa rumfa, wani ne ya biya kuɗin man yini. Kowace ta dawo da ƙullin leda, taliya da sabulu, wasu da atamfa. Ba jam'iyya ɗaya ba ce ke rabawa, kowa ya yi gwargwadon ƙarfinsa, sai dai wani ya fi wani ƙarfi. A Fabrairu babu tsabar kuɗi a hannun 'yan siyasar ma, shi ya sa rabon bai yi armashi ba. A Maris kuwa kaya sun fito.

Maman_Khalil_TWada:
Mai Keke, kar ka raina mana hankali. Ana rabawa, ban musa ba. Amma mace ta karɓi taliyarta ta shiga ta dangwala wa wanda take so, wa ya bi ta ciki? Kullum sai a ce mata sun sayar da ƙuri'a, mazan da suka kwana a majalisa suna shan shayi ba su je rumfar ba fa, su me suka sayar?

Mai_Keke_Kwangila:
Allah ya ba ki haƙuri Hajiya, ba da ke nake ba. Amma a inda na tsaya, wurin dangwalawar a fili yake, mai rabon na hango hannunki daga inda yake.

Malama_Ta_Firamare:
Ni tambayar Dan_Kwarbai ta ɗaya gefen nake kallonta. Ba "ya aka yi APC ta ci" ba, "ya aka yi ta kusa faɗuwa" a jihar da ta ci da tazarar 631,802 shekara takwas kafin nan. Ina cikin malaman firamare sama da 21,000 da aka sallama bayan jarrabawar 2017. Shekarata goma sha ina koyarwa. Kowane ɗayanmu yana da gida, yana da dangi masu katin zaɓe. Ku ƙara da ma'aikatan ƙananan hukumomi da aka rage, da hakimai da dagatai da aka sauke, da 'yan kasuwar da aka rushe wa shaguna, da ƙarin kuɗin makaranta a jami'ar jihar Kaduna, KASU, a 2021, da iyalan waɗanda aka sace a hanyar Birnin Gwari da Giwa da jirgin ƙasan 28 ga Maris 2022. Ƙuri'a 315,000 da Malam Lissafi ya ce sun zube, ni na san fuskokin wasunsu. Ba su koma PDP ba, da yawansu katin suka jefa a ƙasan akwati.

Injiniya_Hanwa:
Malama, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Amma a faɗi ɗaya gefen. Wanda ya san Zariya da Kaduna kafin 2015 ya san an yi tituna. An ɗauki sababbin malamai bayan sallamar. Aikin ruwan Zariya da aka faro tun zamanin Namadi an tura shi gaba sosai. Akwai waɗanda don wannan suka sake ba APC.

Yar_Tukur_Tukur:
Injiniya, a layinmu dai har gobe 'yan garuwa ne ke ba mu ruwa. Bututun na nan a binne, mun ga lokacin da aka haƙa.

Dan_Kwarbai:
Kar mu bar zancen ya koma na ruwa, don idan aka shiga nan sai mu kwana. Barista, don Allah ka yi mana bayanin kotu. Ranar da aka yanke hukuncin farko na ji 'yan PDP na murna a Kofar Doka, na ƙarasa Babban Dodo na tarar 'yan APC ma na murna. Wa ya ci a ranar?

Barista_Kongo:
Ranar 28 ga Satumba 2023 ke nan, kuma ta intanet alƙalan suka karanta hukuncin, ba su zauna a zauren kotun a Kaduna ba, wannan ma ya ƙara ruɗanin. Abu biyu suka faɗa. Na farko, da rinjayen alƙalai biyu cikin uku, sun karɓi ƙorafin lauyoyin Uba Sani cewa masu ƙara ba su nemi zaman share fage a lokacin da doka ta tsara ba, sun shigar da buƙatar tun lokacinta bai yi ba, don haka a idon doka an yi watsi da ƙarar. Na biyu, saboda kotun farko ce kuma za a iya ɗaukaka ƙara, sai suka duba gundarin shari'ar suka ce da ba a kori ƙarar ba, da sun ce zaɓen bai kammalu ba, a sake shi a wasu rumfuna fiye da 20. 'Yan PDP suka riƙe na biyun, 'yan APC suka riƙe na farkon. Na farkon shi ne hukunci. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da Uba Sani ranar 24 ga Nuwamba 2023, Kotun Ƙoli ta rufe maganar ranar 19 ga Janairu 2024.

Dalilin maganar sake zaɓen shi ne ƙa'idar tazara: idan yawan masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke ko ba a yi zaɓe ba ya fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, ba a sanar da wanda ya ci sai an sake a wuraren. Da ita aka ce na Kebbi da na Adamawa ba su kammalu ba a wannan zaɓen, aka ƙarasa su ranar 15 ga Afrilu. PDP ta ce a Kaduna ma haka ya kamata baturen zaɓe, Farfesa Lawal Bilbis, ya yi. Ni a ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shari'ar da ta shafi ƙuri'ar mutum miliyan ɗaya da rabi bai kamata ta mutu a kan ranar da aka shigar da wata takarda ba. Amma lauyoyi sun san ƙa'idar tun kafin su shiga, kuma kotunan zaɓe ba sa sassauci a kan lokaci: kwana 21 na shigar da ƙara, kwana 180 na yanke hukunci, kwana 60 na yanke hukunci a kan ɗaukaka ƙara.

Bakudane:
To kun ji dai. Alƙalai da bakinsu sun ce inkwankulusib ne. Ni wannan ya ishe ni.

Sak_Har_Gobe:
Sun ce "da". Da ba ta gina gida. Kuma ko an sake a rumfunan, wa ya ce maka ku za ku ci? Tazarar 10,806 za ka goge a rumfa ashirin da 'yan kai?

Barista_Kongo:
Ku biyun duka kuna da rabin gaskiya. Ba a ce Ashiru ya ci ba, ba a kuma ce babu matsala ba.

Dalibar_Samaru:
Ni karon farko da na yi zaɓe ke nan. A Fabrairu ɗaliban da muka yi rajista tare sun fito da ɗoki, muka tsaya har aka ƙirga. Da aka ga sakamakon shugaban ƙasa bai hau IReV, shafin hukumar zaɓe na ɗora sakamako, a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari, rabin ƙawayena suka ce ba za su sake wahalar da kansu ba. A Maris ni kaɗai na je daga ɗakinmu. Da na ji tazarar ba ta kai 11,000 ba, na ce musu ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo kaɗai sun ninka wannan adadin.

Abu_Sumayya_Jushi:
Akwai abin da ba a ambata ba game da Zariya kanta. Ranar da Atiku ya ci ƙaramar hukumar Zariya, a ranar ce Abbas Tajuddeen na APC ya ci kujerar majalisar wakilai, wanda daga baya ya zama kakakin majalisa. Akwati uku a jere, mutum ɗaya, ya ba lema a nan ya ba tsintsiya a can. Wake da shinkafa muka yi tun a Fabrairun. Saboda haka tsarin APC a gundumomi, daga Kwarbai zuwa Kaura zuwa Wuciciri, bai mutu ba, mutane ne suka ƙi Tinubu a lokacin. Da aka zo na gwamna da 'yan majalisar jiha, inda ɗan takara ɗan unguwarku ne, ya san gidanku, ya zo ta'aziyyar mahaifinka, sai injin ya tashi gaba ɗaya. Tazarar da APC ta samu a ƙaramar hukumar Zariya kaɗai ta haura 30,000. Cire ta, ka ga wanda zai shiga gidan gwamnati na Sir Kashim.

Malam_Lissafi:
Haka ne, amma da wannan ma'aunin Igabi ma za ta ce ita ce, Kaduna ta Arewa ma haka. A tazara irin wannan kowa na iya cewa shi ya naɗa gwamna.

Dan_Kwarbai:
Na karanta duka. Zuwa yanzu an ba ni canjin kuɗi, an ba ni addini, an ba ni taliya, an ba ni Asake da Hunƙuyi, an ba ni tattara sakamako. Wanda ya fi zauna mini shi ne na Malam Lissafi da Abu Sumayya, cewa ƙuri'ar Atiku ba ta PDP ba ce. Amma har yanzu 330,000 ɗin nan ta yi mini yawa a ce duk sauyin zuciya ne. Akwai wanda ya ajiye hotunan takardun sakamakon rumfunan gundumarsa na zaɓukan biyu? Mu jera su mu gani ko sun yi daidai da abin da aka sanar a ƙaramar hukuma.

Tsohon_Dan_Bautar_Kasa:
Ejan kowace jam'iyya ya tafi da kwafinsa, don haka takardun na hannun mutane. Ni ina da hoton na rumfata a tsohuwar wayata, zan nemo. Amma rumfa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci da ita ba, sai an samu gunduma guda cur.

Bakudane:
Na Kudan ni zan kawo. Sak_Har_Gobe kuma ya kawo na Kwarbai A da B idan ya isa.

Sak_Har_Gobe:
Zan tambayi shugaban gundumarmu gobe bayan sallar Juma'a. Amma ka fara kawo naku, har da na Hunƙuyi da Likoro, kar ka zaɓo rumfunan da kuka ci kawai.